Wanda Ya Fara Jin Warin Fetur

Ranar Talata da safe na zo buɗe shagon askina, na tarar da sarƙa a yashe a ƙasa, janareta kuwa ko sama ko ƙasa.

Shaguna huɗu ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya: nawa, na Anti mai ɗinki, na Mai Kanti, sai na mai walda a can ƙarshe. Mu ukun farko muka haɗu muka sayi janaretan, muka ɗaure shi da sarƙa a jikin ginshiƙin baranda. Mai walda bai shiga ba, don yana da ƙaton injinsa mai shan dizal. Tartsatsi muke ce masa, ba don aikinsa kaɗai ba. Mutum ne da idan ka ce masa ina kwana zai tambaye ka ko kai likita ne. Kuma babu wanda bai ji shi ba ranar da hayaƙin janaretan ya cika masa shago, ya fito yana cewa wata rana sai ya jefa wannan tsinannen abu a kwata.

Kafin ƙarfe tara maganar ta gama layin, ta tsallaka titi. Ni ma na taimaka, ba zan ɓoye ba. Mai aski ne ni, kai goma sha biyu na aske a safiyar nan da almakashi da reza, kowane kai kuma da kunne biyu ya zo.

Da tara Tartsatsi ya iso, ya ga jama'a sun zuba masa ido.

"Lafiya? Ƙaho na tsiro?"

Ya juya zai buɗe shago, sai ya tsaya. Baron da yake jinginewa a bakin ƙofarsa ma babu.

"Wane ɗan banza ne ya ɗauke min baro?"

Aka kalli juna. Biri ya yi kama da mutum.

Inna mai shagunan ta iso da sandarta da jikarta riƙe da lema. Tsohuwa ce da ba ta maimaita magana. Ta dubi guntun sarƙar, ta dubi Tartsatsi.

"Shekara goma sha huɗu kana shagona ina haƙuri da bakinka. Da hannunka ba zan yi haƙuri ba. La'asar zan dawo. Ko janareta, ko makullina."

Tartsatsi ya juya ya dubi ƙofar shagonsa. A wannan shagon ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa biyar, duk masu kawo masa aiki nan suka sani. Na ga fuskarsa, sai tausayinsa ya kama ni. Na rufe shago na tafi gidan kawuna.

*

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun namun daji da na masu satar itace. Yanzu ya yi ritaya, aikinsa kiwon tantabaru da zagin gwiwarsa. Na gaya masa komai muna tafe.

"To kai wa kake zargi?" ya ce.

"Ni ba na zargin kowa, Kawu. Amma an ce..."

"An ce. Wannan An Ce ɗin har yanzu yana raye? Tun ina yaro yake yawo, ban taɓa ganin gidansa ba."

Da muka isa ya tsaya a bakin baranda ya dafa ƙugu. Gaban shagunan a share yake tas, har da yayyafin ruwa.

"Wa ya yi wannan aikin lada?"

"Mai Kanti. Shi ya riga kowa zuwa. Mutum ne mai tsafta."

"Allah ya biya shi," in ji Kawu.

Ya ɗauki sarƙar ya juya ta. An yanke ta da zarto, amma kafin a samu a yanke an yi mata ƙarce har wuri biyar. Ya ajiye, ya zagaya bayan shaguna yana ɗingishi, ni ina biye.

Can ƙasa tana da ɗan laushi. Ya tsuguna, gwiwar ta yi ƙara, ya zage ta, sannan ya nuna min layin taya ɗaya da ya nutse a ƙasa. Sawun ƙafa kuwa an bi da reshe an goge.

"Baro ne, da kaya mai nauyi. Ka ga waɗannan ramuka biyu? Ƙafafun baron ne. Nan ya sauke ya huta."

Muka ci gaba. Taku goma, ramuka biyu. Taku goma, ramuka biyu. Kusa da kwalta, inda ƙasa ta gangara, sai ga wuri ya yi kaca-kaca.

"Nan ya kife masa. Ya sha wuya kafin ya ɗaga."

Daga nan sai kwalta, kwalta kuwa ba ta riƙe sirrin kowa. Amma a gefe ciyawa ta kwanta, Kawu ya bi ta, sai ga baron Tartsatsi a kife bayan wata rusasshiyar katanga. Muka juya shi, warin fetur ya buge mu.

"Shi ke nan!" na ce. "Wallahi kamar yadda aka faɗa. Baronsa yana warin fetur!"

Kawu ya ɗago a hankali.

"Kamar yadda aka faɗa yaushe?"

"Tun da safe. Wajen bakwai da rabi."

Ya duba agogonsa. Sha biyu ta wuce.

"Wa ya gaya maka?"

"Anti mai ɗinki."

Ya mayar da baron yadda muka same shi, ya kakkaɓe hannu.

"Sawun ƙasa ya ƙare a kwalta. Zo mu bi ɗayan."

*

Anti tana zaune gaban kekenta na lantarki da ya zama gunki, da tulin kayan mutane a gefe. Mace ce mai kirki, sai dai idan ta ga kyankyaso da safe, kafin yamma ya zama kada.

"Baba, sannu da zuwa! Ai mun ga tashin hankali. Jiya da yamma wasu ƙarti uku suka tsaya da mota a can, suna ta kallon janaretan nan. Idanunsu jajir!"

"Su uku?"

"Ko biyu. Ɗaya dai ya fito ya sayi ruwa."

"Motar wace iri?"

"Babur ne mai ƙafa uku, amma babba."

Na so in yi dariya, Kawu ya taka min ƙafa. Ya bi ta da haƙuri har ƙartin suka koma tsoho ɗaya da ya tsaya tambayar hanyar asibiti. Sannan ya ce:

"'Yata, maganar warin fetur fa? Ke kika shinshina baron?"

"Ni? Ina na gan shi? Mai Kanti ne ya faɗa, shi ma ba da mugunta ba. Kare shi ma yake yi, bawan Allah."

"Yaya ya ce? Faɗa min yadda ya faɗa, kar ki ƙara masa gishiri."

Ta ɗan ɓata rai, amma ta gyara murya, ta kwantar da kai gefe kamar yadda Mai Kanti yake yi.

"Cewa ya yi, 'Anti, don Allah kar a zargi mai walda, mutumin kirki ne. Don baronsa yana warin fetur ai ba hujja ba ce. Ki bar maganar nan a cikinki.'"

"Kika bar ta?"

"Na bar ta mana. Mai aski kaɗai na gaya wa."

Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na shiga duba silin.

*

Tartsatsi yana zaune kan wata tsohuwar taya, bai ko kunna inji ba. Da ya gan mu sai ya haɗe rai.

"Kai, uban surutu, ka kawo mai duba ne?"

"Mai bin sawu ne," na ce. "Kawuna."

"To Baba, sannu. Ka yi haƙuri da irin ɗan da 'yar'uwarka ta haifa."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya zauna kan benci.

"An ce ka yi alkawarin jefa janareta a kwata."

"Na faɗa. Yau ma da yana nan zan sake faɗa. Hayaƙinsa kamar ana ƙona tsumma."

"Ka jefa?"

"Da na jefa da rana tsaka zan jefa, in kira su su kalla."

Kawu ya miƙa masa sarƙar. Ya karɓa ya duba, sai ya tsuke baki.

"Wane jaki ne ya yi wannan? Ƙarce biyar kafin ya yanka! Baba, in an ce ni ɓarawo ne wannan ƙazafi ne, amma in an ce ni na yi wannan yankan, wannan zagi ne."

"To wa kake zargi?"

"Ban gani ba."

"Ko da zato. Shagonka fa ake magana."

Ya juya sarƙar a hannu.

"Mai ɗinki ƙarya ta yi mata yawa. Wannan," ya nuna ni da haɓa, "bakinsa kamar famfon da ya lalace. Mai Kanti kuwa gaisuwarsa ma gajiyar da ni take yi. Duk na faɗa musu a gabansu, ka tambaye su. Amma sata ban ga kowa ya yi ba, ba zan ɗora wa wani abin da ban gani ba don in tsira da shago."

Da muka fito na ce, "Ka ji bakinsa ko, Kawu?"

"Na ji. Duk wanda ya zaga yana wurin, ko ya riga ya ji da kunnensa."

*

Mai Kanti ya tarbe mu tun daga bakin ƙofa, hannu biyu.

"Ranka ya daɗe! Babanmu da kansa! Yau shagona ya yi albarka. Babban yaya, ba shi kujera mana."

Ni ne babban yaya, ko da yake ya girme ni da shekara shida. Ya buɗe wa Kawu lemo mai sanyi, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Shagon cike yake har rufi, katan kan katan, da ƙyar mutum biyu za su gifta.

"Wuri ya yi maka kaɗan," in ji Kawu.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, mai haƙuri ba ya rasa wuri."

"Wa kake zargi?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Duk 'yan'uwana ne. Anti baiwar Allah ce, ko da ta manta ba ta duba kwaɗon sarƙar ba jiya, ai ɗan Adam ajizi ne. Babban yaya kuma, mutane iri-iri suna shiga shagonsa, amma shi ina ruwansa da halinsu? Mai walda kuwa, wallahi tausayi yake ba ni. Ga iyali, ga aiki ya ja baya kwanan nan. Duk abin da mutum ya yi cikin matsi, ni dai ba zan kira shi ɓarawo ba."

Ina tsaye ina gyaɗa kai, ina cewa a raina kai wannan mutum akwai zuciya. Sai da muka fito iska ta buge ni na tuna cewa a cikin wannan addu'ar tasa ni ma an ce ɓarayi nake tarawa a shago.

"Kawu, zagina ya yi fa!"

"Sai yanzu ka ji? Ai haka allura take idan mai yin ta ya iya."

*

La'asar Inna ta dawo. Aka fito mata da kujerar askina ta zauna a baranda kamar alƙali. Mu huɗu muka tsaya, maƙwabta suka yi da'ira. Tartsatsi ya ciro makullin shagonsa ya riƙe a hannu.

Kawu ya gaishe ta, ya ce a ba shi minti biyar. Ya aiki mutum biyu bayan katanga suka turo baron. Warin fetur ya tashi, jama'a suka ɗauki salati.

"To me ya rage?" in ji Inna.

"Kaɗan, Inna. Baron nan ni na gano shi, bayan sha biyu, a kife cikin ciyawa. Mai shi ma bai san ya ɓata ba sai ƙarfe tara. Wa ya ji maganar warin fetur kafin tara?"

Hannuwa suka tashi, sun fi goma. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wa ya gaya maka, kai kuma wa ya gaya maka. Mai faci ya ce direba, direba ya ce mai wanki, mai wanki ya ce a wurin aski ya ji. Duk hanyar da aka bi sai ta ɓullo shagona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na rasa inda zan sa fuskata.

"Anti ce ta gaya min," na ce da ƙaramar murya.

"Ni kuma Mai Kanti," in ji Anti.

Kawu ya juya gare shi, cikin ladabi.

"Ɗana, kai kuma wa ya gaya maka? Da bakwai na safe ka san warin baron da ba a gano ba sai sha biyu."

Mai Kanti ya yi murmushi, ya kwantar da kai gefe.

"Ranka ya daɗe, ai ni kare shi nake yi. Kowa ya ji, cewa na yi kar a zarge shi."

"Na sani. Kafin ka kare shi wa ya zarge shi?"

Mai Kanti ya dubi hagu ya dubi dama, yana neman inda zai sauke kayan.

"To, ni dai ba na son in kama suna. Anti uwa ce a wurinmu, kuma kowa ya san ba da gangan take ƙara wa magana ba. In ma ita ce ta fara faɗa ta manta..."

"Ni?" Anti ta cire ɗankwali ta ɗaure a ƙugu. "Ni za ka shafa wa? Kana riƙe da tsintsiya ka faɗa min, ko jakata ban ajiye ba! Ƙarya nake ƙarawa, ba na ƙirƙira!"

Dariya ta ɓarke, har jikar Inna ta saki lema.

Kawu ya jira aka lafa.

"Inna, wanda ya tura baron nan duk taku goma sai ya huta, a gangara kuma ya kife masa, fetur ya zube. Wannan," ya nuna Tartsatsi, "shi kaɗai yake ɗaga ƙofar ƙarfe. Amma ba wannan ya kai ni ba. Yau na tambayi mutum uku wa suke zargi. Ɗaya ya zagi kowa bai ɗora wa kowa ba. Ɗaya ya yabi kowa, kuma babu wanda ya fita daga yabon nan ba tabo. Mai Kanti, ɗana, gidanka tsallaken kwalta yake ko? Mu taka tare, ko za ka aika a kawo?"

Murmushin ya zube. Mai Kanti ya tsuguna a gaban Inna, muryarsa ta koma wata iri, siririya, ba ranka ya daɗe ko ɗaya a cikinta. Janaretan yana ɗakin ajiyarsa a gida, lulluɓe da buhu. Ba sayarwa zai yi ba. So yake a kori mai walda ya karɓi shagon ya fasa bango ya faɗaɗa kanti, bayan wata guda kuma a tsinci janareta a bakin hanya.

Inna ta buga sandarta a ƙasa.

"Makulli na ce zan karɓa yau, kuma zan karɓa. Kawo naka."

Mai Kanti ya fara laluben aljihu. Ni kaina a raina cewa nake ya yi daidai.

"Inna, bar shi."

Tartsatsi ne.

"Me ka ce?"

"Na ce ki bar sakaran. 'Ya'yansa huɗu, matarsa ga ciki, su ba su yanka sarƙa ba. In kika kore shi wa zai ɗauki mutumin da ko baro bai iya turawa ba? Ya dawo da janareta a kansa, da rana, ta gaban kowa. Ya sayi sabuwar sarƙa. Kuma daga yau in ya sake ce min ranka ya daɗe sai na haɗa masa leɓe da walda."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tura masa hannunsa mai riƙe da makulli.

"Mayar aljihu. Bakinka dai Allah ya shirya."

"Amin, Inna. Naki ma."

Ta kai masa sanda, ya goce.

*

Na raka Kawu bakin titi ina ta zuba, ina cewa ai ni tun farko jikina ya ba ni.

"Rufe min baki," ya ce. "Shi taku ɗari ya tura janareta ya gaji. Kai ka ɗauki maganarsa ka kai ta kunne ashirin da huɗu ko hutawa ba ka yi ba. Ba don kai ba da a shagon mai ɗinki za ta kwana."

Maganar ta zauna min a ƙirji. Na dawo ban shiga shagona ba, na wuce na Tartsatsi. Yana wanke baronsa da omo.

"Na zo ne in ce ka yafe min. Ni na yaɗa."

"Na sani. Wa kuma zai yaɗa?"

Ya ci gaba da wanki. Na tsaya kamar an dasa ni, ban san ko in tafi ba. Can ya watsar da ruwan, ya goge hannu a wando, ya shafa kansa.

"Janaretanku ya dawo?"

"Ga shi can ana ɗaurewa."

"To muje ka rage min sumar nan. Amma da sharaɗi. Daga farko har ƙarshe kar in ji muryarka."

Ya zauna a kujera, na yafa masa ƙyalle, na kunna injin aski. Shekara ashirin ina wannan sana'a ban taɓa aske kai da baki a rufe ba. Labari uku suka taso min har maƙogwaro, na haɗiye su. Da na gama na miƙa masa madubi, ya juya kai hagu da dama.

"Ashe ka iya aski," ya ce.